Baƙin Tabo a Tafin Ƙafa: Me Sabbin Magungunan Sankarar Fata Za Su Yi wa Zariya?

Hanya guda ce ta tashi daga Sabon Garin Zariya, ta ratsa Kwangila da Palladan, ta wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ta kai mutum Asibitin Koyarwa na Shika. A farkonta akwai kasuwar da ake sayar da mayukan sauya launin fata kamar yadda ake sayar da gishiri. A tsakiyarta akwai tsangayoyin da ake koyar da haɗa magunguna da nazarin ƙwayoyin gado. A ƙarshenta kuma akwai ɗakunan da ake kwantar da waɗanda sankara ta ci ƙarfinsu. Wuraren nan uku duk suna da hannu a sha'anin launin fatar ɗan Adam, amma ba kasafai ɗayansu ke jin labarin ɗaya ba.

Daga 2011 zuwa yau an samu gagarumin sauyi a yadda duniya ke yaƙar melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Cutar da a da ake sallamar mai ita ya koma gida ya jira lokaci, yanzu tana da magunguna masu saiti, waɗanda ke nufar wata ɓaraka takamaimiya a cikin ƙwayar sankarar. Ra'ayina shi ne, magungunan nan alheri ne, kuma mutumin Zariya yana da haƙƙi a kansu kamar kowa. Sai dai idan muka fara da neman su kafin mu koyi gano cutar da wuri, kuma kafin mu san irin ɓarakar da ke cikin sankarar mutanenmu, za mu kashe dukiya mai yawa wajen sayen kibau alhali ba mu san inda abin harin yake ba.

Ƙwaya ɗaya, labari huɗu

A ƙasan fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu shi ne sarrafa sinadarin melanin, wanda ke rina fata da gashi, yake kuma tare illar hasken rana. Baƙin mutum da Bature kusan adadi ɗaya suke da shi na waɗannan ƙwayoyi. Bambancin yana cikin yawa da irin rinin da suke fitarwa. Matsaloli huɗu da muke gani a unguwanninmu duk daga wannan ƙwaya suka fito.

Zabiya yana da ƙwayoyin, amma ya gaji wata naƙasa daga uwa da uba da ta hana su fitar da rini yadda ya kamata. Mai cutar fararen tabo, wadda likitoci ke kira bitiligo, garkuwar jikinsa ce ta juya ta kashe ƙwayoyin a wasu sassan fatarsa. Mai shafa man bilicin da hannunta take danne aikin ƙwayoyin. Mai melanoma kuwa, ƙwayoyin ne suka ƙwace, suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har su bi jini da hanyoyin kaluluwa su kai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ta ƙarshen ita ce mafi ƙarancin aukuwa a cikinmu, ita ce kuma mafi saurin kisa.

Sankarar da ke ɓuya a ƙarƙashin ƙafa

An saba jin cewa melanoma cutar Turawa ce, ta masu kwanciya a bakin teku rana na gasa su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a Ostareliya da Niyuzilan ta fi yawa, kuma melanin yana kare baƙar fata ƙwarai. Amma akwai wani nau'inta da ba ruwansa da rana. Yana fitowa ne a inda rini ya yi ƙaranci: tafin ƙafa, diddige, tsakanin yatsu, tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Wannan nau'in ne ya fi kama baƙar fata. Shi ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981 yana ɗan shekara 36, bayan an ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen ƙafarsa a 1977, wanda da farko aka zaci raunin ƙwallo ne.

Likitocin Zariya sun daɗe da sanin haka. A 2006 masana binciken nama biyu na asibitin koyarwar Jami'ar Ahmadu Bello, Samaila da Rafindadi, sun wallafa nazarin melanomar da aka gani a Zariya, kuma ƙafa ce ta zo kan gaba a wuraren da cutar ke fitowa. Rahotannin sauran asibitocin koyarwa na Najeriya sun tafi a kan abu guda: ƙafa ce matattarar cutar, kuma marasa lafiya a makare suke zuwa.

Dalilin makarar ba boyayye ba ne. Tabon ba ya zafi da farko. Manomi zai ce ƙaya ce ta taka shi ta bar shaida. Mace za ta ce tawadar Allah ce, ko ragowar lalle. Idan ya fashe ya fara ruwa, sai a kira shi gyambo, a tafi kemis a sayo kafso a barbaɗa, ko a kai wa wanzami ya tsaga, ko a ɗaura sassaƙe. Mai ciwon suga zai ɗauka miki ne irin na masu suga. Sai an wayi gari kaluluwa ta kumbura a matsematsi, ta yi tauri ta ƙi sauka, sannan a nemi motar Shika. A lokacin an riga an shafe watanni, wani lokaci shekaru.

Abin da ya sa wannan jinkiri ke da tsada shi ne, makomar mai melanoma tana rataye da kaurin ƙarin a ranar da aka cire shi. Idan bai kai kaurin milimita ɗaya ba, fiye da kashi 90 cikin 100 na marasa lafiya suna tsira da tiyata kaɗai, ba tare da wani magani mai tsada ba. Idan ya haura milimita huɗu, ko ya fashe, ko ya kai kaluluwa, lissafin ya juye. Tazarar da ke tsakanin warkewa da mutuwa ba ta kai kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba.

Yadda magani mai saiti yake aiki, da inda ya tsaya

Tsohon maganin sankara, wanda aka fi sani da kemo, kan-mai-uwa-da-wabi yake yi: duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa sai ya buge ta, mai cuta da marar cuta. A kan melanoma bai taɓa yin wani abin a zo a gani ba. Tun 1975 ake amfani da dacarbazine, kuma wanda cutar ta bazu a jikinsa yawanci bai cika shekara ba.

A 2002 masu bincike a Cibiyar Sanger ta Ingila suka gano cewa a cikin melanoma da yawa akwai ɓaraka a wata ƙwayar gado mai suna BRAF. A lafiyayyen jiki, BRAF kamar totur ɗin babur take: a murɗa idan ana son ƙwaya ta hayayyafa, a sake idan an gama. Ɓarakar tana sa totur ya maƙale a murɗe. Da aka gane haka, sai aka ƙera maganin da zai shiga daidai wannan gurbi ya sake shi. A 2011 Amurka ta amince da vemurafenib, a 2013 dabrafenib da trametinib suka biyo baya. Ƙwayoyi ne na haɗiya, kuma an ga marasa lafiyar da ƙari ya cika jikinsu sun miƙe cikin makonni. Matsalar ita ce sankarar tana da wayo: da magani ɗaya, cikin kimanin wata shida zuwa bakwai takan samo wata hanya ta kewaye. Shi ya sa ake haɗa biyu yanzu, kuma da haɗin dabrafenib da trametinib kimanin kashi ɗaya bisa uku na marasa lafiya sun kai shekara biyar a raye.

A gefe guda kuma aka samo magungunan da ke cire wa garkuwar jiki birki domin ta far wa sankarar da kanta: ipilimumab a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014. Wannan aiki ne ya kai James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan ga lambar Nobel a 2018. A wani babban gwaji da aka haɗa ipilimumab da nivolumab, kimanin rabin marasa lafiya suna nan da rai bayan shekara biyar.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɓarakar BRAF tana cikin kusan rabin melanomar Turawa, amma a nau'in tafin ƙafa ba ta cika wuce ɗaya cikin biyar ba. Ke nan cikin mutum biyar da suka zo Shika da wannan ciwo, ana sa ran huɗu ba su da gurbin da maganin zai shiga. Ba a kuma bayar da shi a kan ƙila-wa-ƙala, domin a ƙwayar da ba ta da ɓarakar yana iya ƙara rura wutar maimakon kashe ta. Magungunan garkuwar jiki ma ƙarfinsu yana raguwa a kan wannan nau'i, saboda ƙwayoyinsa ba su da yawan tabon da rana ke yi, wanda ke sa garkuwa ta gane baƙo. Manyan gwaje-gwajen da suka kafa waɗannan magunguna a kan fararen fata na Turai da Amurka da Ostareliya aka fi yin su, masu ciwon tafin ƙafa 'yan ƙalilan ne a cikinsu.

Akwai kuma wani abin lura da ya fi dacewa da aljihunmu. Wani kaso na melanomar tafin ƙafa yana ɗauke da ɓaraka a wata ƙwayar gado dabam mai suna KIT, kuma wasu daga cikin masu ita suna amsa imatinib, tsohon maganin sankarar jini wanda yanzu kamfanoni da dama ke yi da rahusa, likitocin Najeriya kuma sun saba da shi. Amma ba a sanin wanda zai amfana sai an gwada naman da aka ciro. Magani mai saiti ba shi da ma'ana in babu gwajin da ke nuna inda za a saita shi.

Hujjoji biyu da ya kamata a saurara

Wani zai ce, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa ke kashe dubbai, mene ne na ɓata lokaci a kan cutar da asibiti zai yi wata bai ga mai ita ba? Maganarsa tana da nauyi idan batun sayen magungunan dubban daloli a wata ake yi, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Amma abin da nake kira gare shi ba ya cin wannan kuɗi. Duba tafin ƙafa kyauta ne. Yanke ƙaramin tabo a kai shi ɗakin gwaji aiki ne na rana ɗaya. Idon da aka koya wa duba ƙafa kuma shi ne zai tsinci mikin mai suga kafin a kai ga yanke ƙafar, ya tsinci tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya fara rikiɗewa zuwa wata sankarar fata, wadda ma ta fi melanoma yawa a wajenmu. Jifa ɗaya ce, tsuntsayen da yawa.

Wani kuma zai ce, wannan ai sallamawa ce: Bature ya sha sabon magani, mu a ce mu duba ƙafa. Shi ma yana da hujja. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab cikin jerin magungunan da ba a rasa su domin masu melanomar da ta bazu, wanda ke nufin gwamnatoci ba su da uzurin ɗaukarsa kayan alatu. Asusun tallafa wa masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda asibitin Shika ke cikin asibitoci shida da aka fara da su, da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, kuma ya dace a matsa a faɗaɗa shi. Sai dai mai ciniki da kamfanin magani yana buƙatar lissafi a hannu: mutum nawa ke kamuwa a shekara, nawa ke da BRAF, nawa ke da KIT. Wanda ya je teburin ciniki ba tare da waɗannan alƙaluma ba, abin da aka ga dama za a sayar masa, a farashin da aka ga dama.

Abin da Zariya ke da shi a hannu

Garuruwa kaɗan ne a Arewa suka tara abin da wannan hanya guda ta tara. A Shika akwai sashen binciken nama mai dogon tarihi, da cibiyar gashi da maganin sankara da ke karɓar marasa lafiya daga jihohi da dama. Naman da aka ciro daga marasa lafiya akan adana shi cikin kakin farafin na ɗakin gwaji, kuma ana iya ciro bayanan gado daga irin wannan ajiya ko bayan shekaru. A Samaru akwai tsangayar harhaɗa magunguna, da cibiyar ƙwarewa ta Afirka kan cututtukan da aka yi watsi da su da fasahar ƙwayoyin halitta, inda ake da masu hannu a irin wannan gwaji. Aikin da zai haɗa waɗannan ɓangarori, ya bi tsofaffin samfura ya ƙirga irin ɓarakar da ke cikinsu, bai fi ƙarfin ɗaliban digiri na uku biyu ko uku da tallafin Asusun TETFund ba. Amfaninsa kuwa zai wuce Zariya, domin duniya kanta tana ƙishirwar bayani a kan wannan nau'i.

Sai ɓangaren jama'a, inda muke da wata dama da Turai ba ta da ita. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da yawa a yini domin alwala, yana tsettsefe yatsu, yana shafa diddige. Abin da ya rage kawai shi ne ya juya tafin ya kalla, ko sau ɗaya a wata. Masu ƙunshi suna riƙe ƙafafun mata fiye da kowane likita, kuma su ne za su ga tabo kafin lalle ya rufe shi. Masu yankan farce da ke yawo a kasuwar Sabon Gari da tashoshin mota suna ganin farata ɗaruruwa a mako. Wanzamai da masu kemis su ne zangon farko na mai gyambo. Ba a neman kowannensu ya zama likita. Alamomi kaɗan za a koya musu: baƙin tabo sabo a tafin ƙafa ko hannu wanda ke faɗi, gefensa ba daidai ba, launinsa a gauraye, ko ya fi abin goge rubutu na gindin fensir girma, baƙin layi a farce ɗaya tak da ke ƙara faɗi ko ya malalo kan fatar gefen farcen, da mikin ƙafa da ya yi wata biyu bai warke ba. Siraran layuka a farata da yawa abu ne da aka saba gani a baƙar fata, ba abin tsoro ba ne. Wanda ya ga ɗaya daga alamomin can, kada ya tsaga, kada ya ƙona, ya tura asibiti.

Ga ma'aikatan ƙananan asibitoci kuma ƙa'ida ɗaya ta isa: duk naman da aka yanke daga fata, komai ƙanƙantarsa, a sa shi a kwalba a aika ɗakin gwaji. Tabon da aka yanke aka jefar a kwandon shara ya tafi da amsar da za ta iya ceton mai shi.

Launi da mutunci

Sauran labaran uku ma darasi ɗaya suke koyarwa. Bitiligo ta samu nata magani mai saiti a 2022, lokacin da Amurka ta amince da man shafawa na ruxolitinib, wanda ke toshe saƙon da ke tunzura garkuwa a kan ƙwayoyin launi. Kimanin rabin waɗanda suka shafa shi shekara guda sun ga mafi yawan launin fuskarsu ya dawo. Amma abin da ya fi ci wa mai bitiligo tuwo a ƙwarya a garuruwanmu shi ne a ƙi cin abinci da shi, ko a fasa aurensa, bisa zaton kuturta ce. Bitiligo ba ta yaɗuwa, kuma bambanta su ba wuya: tabon kuturta yakan mutu, ba ya jin taɓawar auduga, na bitiligo kuwa fari ne fat kuma yana ji. Cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana nan Saye, a gefen Zariya, cike da masu wannan sani. Ranar bitiligo ta duniya ma, 25 ga Yuni, a Legas aka fara ta a 2011.

Zabiya kuwa ba melanoma ce babbar abokiyar gabarsa ba. Wata sankarar fata ce da rana ke haddasawa a fuska da wuya da kunne, wadda ke cin matasansu tun ba su kai ko'ina ba. Maganinta na farko malfa ce, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana, da aikin yi a inuwa, da likitan da zai duba fatar a kai a kai ya cire abin da ya tsiro tun yana ƙarami. Mai gidan da ya ɗauke yaro zabiya daga talla a rana ya sa shi cikin shago ya yi masa abin da allurar miliyoyi ba za ta yi ba daga baya.

Sai man bilicin. Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta ambaci kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya a matsayin masu shafa shi. Daga binciken 'yan kasuwa a Legas aka samo adadin, don haka ba ƙidayar ƙasa ba ce, amma duk wanda ya ratsa layin kayan kwalliya ya san abin ya yi yawa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Haidurokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi, yana barin baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi da ba ya fita. Sitiroyid yana sirantar da fata har ɗinki ya ƙi kamawa bayan tiyata, yana kuma iya tayar da suga da hawan jini. Zaiba tana lalata ƙoda. Ba a tabbatar cewa mayukan nan suna jawo melanoma ba, kuma bai dace a tsorata mutane da abin da ba a tabbatar ba. Illolin da aka tabbatar sun isa. Cibiyar binciken makamashi ta jami'a da ke Samaru tana da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, mai iya auna ƙarafa masu guba a cikin samfuri. Gwada mayukan da ake haɗawa a kwaba a sayar ba tare da suna ba, a kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo, zai fi wa'azi dubu tasiri.

Muna kashe kuɗi da lokaci a kan launin fuskar da kowa ke gani, mun bar tafin ƙafar da ba mai kallo, alhali a can ajali ke ɓuya. Sabbin magunguna za su iso, farashinsu kuma zai sauka idan wa'adin mallakar kamfanoni ya ƙare, kamar yadda ya faru da imatinib. Ranar da suka iso, garin da zai ci moriyarsu shi ne wanda marasa lafiyarsa ke zuwa da wuri, ɗakin gwajinsa ke karɓar kowane nama, masanansa kuma suka riga suka san irin sankarar da ke jikin mutanensu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin nan, mai karatu, idan ka zauna alwalar Isha yau, ka juya tafin ƙafarka ka duba, gobe kuma ka duba na mahaifinka da na mahaifiyarka, domin cutar ta fi kama manya, kuma su ne ba sa iya sunkuyawa su gani.